Matakan Da Ake Bi Idan Wani Ya Fito Da Alamar Kasuwanci Mai Kama Da Taka

Tun da ƙananan masana'antu suka yawaita a Zariya, daga masu ruwan leda da gidajen burodi na Sabon Gari da Samaru zuwa matan da ke ƙulla yaji da garin kunu da man shafawa a cikin birni da Tudun Wada, tambayar da masu karatu suka fi aiko mini ita ce: na sha wahala na gina suna, yau ga wani ya fito da kaya masu suna da leda irin nawa, ina zan dosa? Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suke tambaya, wato takardar lauya ce ta iso musu ana cewa su daina amfani da sunan da suka shekara goma suna sayar da kaya da shi. Matakan da ke biye sun shafi ɓangarorin biyu, kuma jerinsu yana da muhimmanci, domin takarda da kwanan wata ne ke cin irin wannan shari'a, kuma yawancin waɗanda suka yi asara sun yi ta ne saboda sun fara da matakin da ya kamata ya zo na shida ko na takwas.

1. Duba takardar da ke hannunka

Kafin ka kira kowa, ka buɗe jakar takardunka ka ga abin da kake da shi. Mutane da dama suna ɗaga takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC suna cewa ai sun yi rajista. Takardar CAC sunan kamfani ko sunan kasuwanci kawai take yi wa rajista. Lambar NAFDAC kuma izinin sayar da abinci ko magani ko kayan shafawa ce. Rajistar alamar kasuwanci daban take, ana yin ta a ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja, bisa Dokar Alamomin Kasuwanci da ke babi na T13 na kundin dokokin tarayya na 2004.

Ko a wannan ofishin ma takardu uku ne ke fitowa a jere. Ta farko tana shaida cewa an karɓi buƙatarka. Ta biyu tana shaida cewa an duba alamar an amince a buga ta a mujallar alamomin kasuwanci. Ta uku ita ce satifiket, kuma ita kaɗai ce ke nuna an kammala rajista.

Gargaɗi: kada ka ɗauki takardar amincewa a matsayin satifiket. A shari'ar Dyktrade da Omnia, wadda aka yi kan alamar Super Rocket, Kotun Ƙoli ta yanke a 2000 cewa amincewa da buƙata ba rajista ba ce, don haka mai riƙe da ita ba zai iya shigar da ƙarar keta alama mai rajista ba. Sashe na 3 na dokar ma ya hana irin wannan ƙara ga wanda bai yi rajista ba, sai dai ya bar masa wata ƙofa da za mu zo kanta a mataki na takwas.

Idan kana da satifiket, duba abubuwa uku a jikinsa: sunan mai shi, rukunin kayan, da kwanan wata. Sau da yawa satifiket yana ɗauke da sunan mahaifi da ya rasu ko na tsohon abokin haɗin gwiwa, alhali wani ne ke gudanar da kasuwancin yanzu, kuma dole a gyara wannan a rajista kafin a je ko'ina. Rajistar farko shekara 7 take yi, ana ƙirgawa daga ranar da aka shigar da buƙata, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Wanda ya ƙirga daga ranar da satifiket ya shigo hannunsa zai iya wayar gari wa'adinsa ya wuce bai sani ba.

2. Auna kamannin da idon mai saye da kunnensa

Wannan matakin ne ya fi buƙatar natsuwa, domin mai kaya kan ga kama a inda alƙali ba zai gani ba, wani lokaci kuma ya raina kamar da za ta iya ci masa shari'a. Ma'aunin da sashe na 5 na Dokar Alamomin Kasuwanci ya kafa shi ne ko alamar ɗaya ce da taka, ko kuma ta yi kama da ita har ta iya yaudarar mai saye ko ta rikita shi. Mai sayen da ake nufi kuwa shi ne na yau da kullum, wanda ya ga kayanka makon jiya, yau ya shigo kasuwar Sabon Gari cikin cunkoso yana neman su da abin da ya rage masa a ƙwaƙwalwa. Ba ya jera leda biyu a kan tebur yana ƙirga haruffa.

A nan ne yanayin kasuwanninmu yake shigowa. Yaron da aka aika shago ba ya karanta suna, cewa yake a ba shi mai zakara ko mai tauraro ko mai jar leda. Uwar gida kuma da baki take faɗa wa mai shago sunan. Saboda haka ka gwada kamannin ta fuska uku. Ka furta sunayen biyu da ƙarfi, da sauri, kamar yadda ake kiran su a bakin shago. Ka ajiye ledojin biyu nesa da kai kamar taku biyar ka ga abin da ido ya fara kamawa. Sannan ka duba ma'ana: a ce wani yana da alamar Tauraro, wani ya fito da Tauraruwa ko ya zana tauraro babu rubutu, ai abu guda ne zai faɗo wa mai saye a rai.

Kotunan Najeriya sun daɗe da karɓar wannan hanya. A shari'ar Alban Pharmacy da Sterling Products ta 1968, Kotun Ƙoli ta ga cewa Casorina ya yi kusa da Castoria, magungunan yara ne duka biyun, kuma ta bayyana cewa ana auna kama da kunne kamar yadda ake aunawa da ido. Tun 1961 ma an hana wani kantin magani a Anaca amfani da sunan Nigeria Chemists saboda akwai Niger Chemists da ya riga shi.

Gargaɗi: abin da ka yi wa rajista shi doka za ta kare maka. A shari'ar Ferodo da Ibeto ta 2004, kamfanin Ferodo mai yin birkin mota ya yi ƙorafin cewa kwalin kayan Ibeto mai suna Union ya kwaikwayi launukan kwalinsa na ja da baƙi da fari. Kotun Ƙoli ta ce kalmar Ferodo ce alamar, adon kwali bai zama alama ba, kuma Union bai yi kama da Ferodo ba, sai kamfanin ya faɗi. Gyaran da aka yi wa doka a 2023 ya faɗaɗa ma'anar alama har ta haɗa da siffar kaya da mazubinsu da haɗin launuka, amma duk da haka sai ka shigar da su a buƙatarka. Idan zanen ledarka ne ke sayar maka da kaya, ka yi wa suna rajista daban, ka yi wa zanen gaba ɗaya rajista daban.

Sai kuma ƙarfin sunan kansa. Doka ba ta son mutum ɗaya ya mallake sunan gari ko kalmar da ke siffanta kaya kai tsaye. Wanda ya sa wa yajinsa Zazzau ko Mai Daɗi ko Nagari zai sha wuya kafin ya hana maƙwabcinsa amfani da kalmar, sai in ya kawo hujjar cewa jama'a sun daɗe da danganta ta da kayansa shi kaɗai. A ganina rabin rigingimun da ake kawowa daga Zariya daga nan suke tasowa, domin kowa yana son sunan garinsu ko kalmar albarka da alheri a jikin ledarsa, kuma irin waɗannan sunaye su ne mafi rauni a gaban alƙali. Ƙirƙirarren suna da ba ya nufin komai ya fi su kariya nesa ba kusa ba.

Daga ƙarshe ka duba rukuni. An kasa kayayyaki da ayyuka gida 45: na 1 zuwa na 34 kaya ne, na 35 zuwa na 45 ayyuka. Sabulu da turare da man shafawa suna rukuni na 3, magunguna na 5, tufafi da takalma na 25, madara da yogot da man girki na 29, burodi da yaji da gari da shinkafa na 30, iri da abincin kaji na 31, ruwan sha da lemo na 32. Mai rajista a rukunin burodi ba zai hana mai sayar da takalma amfani da irin sunansa cikin sauƙi ba.

3. Tara hujja kafin ka buɗe baki

Da zarar ɗaya ɓangaren ya ji kana bincike, kaya za su ɓace daga shaguna, a ce ba a taɓa ganin su ba. Saboda haka wannan aiki a ɓoye ake yin sa. Ka aiki mutumin da ba a san shi da kai ba, wanda kuma zai yarda ya tsaya a kotu, ya sayi kayan a wurare daban daban, misali Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, har da kasuwannin ƙauye irin na Giwa idan kayan sun kai can. Ya karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da sunan kayan. Inda ba a ba da rasit, ya biya ta banki domin shaidar biyan ta zauna, sannan ya rubuta ranar da wurin a littafi nan take. Kada a buɗe kayan, a sa kowanne a jaka daban a rubuta inda aka saye shi. A ɗauki hoton kayan a kan kanta tare da naka idan ana jera su wuri guda, a kuma kwafe adireshi da lambar NAFDAC da ke jikin ledar.

Sai hujjar da ta shafe ka. Nemo duk abin da ke nuna ranar da ka fara amfani da alamar da kuma cewa ba ka daina ba: rasit ɗin maɗaba'ar da ta fara buga maka leda ko kwali, littafin sari, takardun kai kaya ga diloli, rasit ɗin tallan rediyo, kalanda, hotunan allon shago, bayanan asusun banki. Tsohon rasit guda mai kwanan wata ya fi shaidu goma da za su ce sun san ka tun da daɗewa.

Hujja mafi tsada ita ce ta rikicewar masu saye. Idan wata ta dawo maka da kaya tana ƙorafin sun lalace, ka duba ka ga ba naka ba ne, ka rubuta sunanta da ranar, ka riƙe kayan, ka nemi yardarta ta ba da shaida. Haka idan dila ya kira yana tambaya ko kun sauya leda ne. Doka ba ta ce sai an sami wanda ya rikice ba, yiwuwar rikicewa ta isa, amma alƙali yana natsuwa idan ya ga mutumin da abin ya faru da shi.

Gargaɗi: hotunan waya da saƙonnin WhatsApp da tallan Facebook hujja ce ta na'ura, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗan karɓarta, ciki har da takardar da ke bayyana na'urar da aka fitar da ita. Kada ka sayar da wayar da aka ɗauki hotunan, kada ka goge asalin saƙon, kada kuma ka yi wa hoto kwaskwarima ko da yanke gefensa ne.

4. Yi bincike a rajista

Yanzu ne lokacin ɗaukar lauya ko wakilin da ofishin rajista ya amince da shi, ba sai ka je Abuja da ƙafarka ba. Ka ba shi sunayen biyu da hotunan alamomin, ya binciko ko abokin rigimarka yana da rajista, ko ya shigar da buƙata, a wane rukuni, kuma a wace rana. A duba kuma rajistar CAC domin a san ainihin sunan kamfanin da adireshinsa, saboda ƙarar da aka shigar da sunan da doka ba ta sani ba korar ta ake yi.

Game da kuɗi, ka riƙe ƙa'ida guda: kuɗin gwamnati daban, ladan wakili daban. Ana biyan na bincike, na shigar da buƙata, na satifiket, na ƙalubale, kowanne da nasa, kuma kowane rukuni ana biya masa daban, wato mai son kariya a rukuni na 30 da na 32 zai biya sau biyu. Ka nemi a rubuta maka su dalla dalla, ka kuma karɓi rasit ɗin gwamnati na kowane biya. Wakilin da ya ce kawo kuɗi dunƙule zai kawo satifiket cikin mako biyu, ka guje shi, domin wa'adin da ake bai wa masu son ƙalubalantar buƙata kaɗai wata biyu ne bayan an buga alama a mujalla, kuma fitowar mujallar kan ɗauki lokaci.

Idan binciken ya nuna ba wanda ya yi rajista a cikinku, ka shigar da taka buƙatar a makon nan kafin ka aika wa kowa takarda. Ranar shigarwa ita ce za ta zama ranar rajistarka, kuma wanda ka gargaɗa zai iya riga ka zuwa Abuja washegari.

Gargaɗi: kada ka buga alamar ® a ledarka kafin satifiket ya fito. Nuna alama a matsayin mai rajista alhali ba ta da ita laifi ne a Dokar Alamomin Kasuwanci, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai yi murna da ganin ta.

5. Tare shi a rajista idan ƙofar tana buɗe

Idan ya shigar da buƙata amma bai sami satifiket ba, hanya mafi sauƙin kuɗi ita ce ƙalubale a gaban magatakardan rajista. Wa'adin wata biyu ne daga ranar da aka buga alamar a mujalla. Lauyanka zai shigar da takardar ƙalubale mai ɗauke da dalilai, babba a ciki shi ne sashe na 13 wanda ya hana rajistar alamar da ta yi kama da wadda ke cikin rajista a kan kaya iri ɗaya. Za a aika wa mai buƙatar kwafi, yana da wata ɗaya ya mayar da martani, in ya yi shiru a ɗauka ya janye. Daga nan kowane ɓangare ya kawo hujjarsa cikin takardar rantsuwa, a saurare ku, magatakarda ya yanke hukunci. Wanda bai gamsu ba ya tafi Babbar Kotun Tarayya.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne rashin bibiyar mujallar. Ba wanda zai kira ka ya ce an buga alama mai kama da taka, sai ka ɗora wa wakilinka wannan aiki a rubuce.

Idan kuwa ya riga ya sami satifiket, sauran hanya ita ce neman a goge ko a gyara rajistar ƙarƙashin sashe na 38, ko neman a cire ta ƙarƙashin sashe na 31 idan an yi shekara 5 a jere ba a amfani da ita. Kada a yi jinkiri, domin kundin rajistar kashi biyu ne, A da B, kuma rajistar da ke sashen A, idan ta cika shekara 7, doka na ɗaukar ta tabbatacciya sai a 'yan yanayi ƙalilan kamar in da zamba aka same ta.

6. Aika takardar gargaɗi

Lauya ne zai rubuta ta, a taƙaice kuma ba zagi. Ta faɗi ko kai wane ne, lambar rajistarka da rukuninta, abin da aka gani a kasuwa da ranar da aka gani, sannan abin da ake nema: a daina bugawa da sayarwa, a janye kayan da ke hannun diloli, a miƙa ragowar leda da kwali, a rubuto alkawarin ba za a sake ba. A sa wa'adi bayyananne, kamar kwana 7 ko 14. A kai ta ta hanyar da za a sami sa hannun wanda ya karɓa, a ajiye kwafi.

Gargaɗi na farko: idan kana da dalilin zaton za a kwashe kaya a ɓoye injin da zarar an ji motsi, kada a aika takarda. A tsallaka zuwa mataki na takwas a nemi umarnin bincike na ba zata.

Gargaɗi na biyu: kada ka hau Facebook ko gidan rediyo kana kiran mutum ɓarawo ko mai jabu. In shari'a ta juya, ƙarar ɓata suna ce za ta biyo ka. Haka kuma kada ka kwashi 'yan sanda ko matasan unguwa ku je ku rufe masa shago. Rikicin kamannin suna tsakanin 'yan kasuwa biyu shari'ar haƙƙi ce, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum kan irin wannan kawai. Lamarin yana sauyawa ne idan jabu ne tsantsa, wato an buga sunanka da adireshinka da lambar NAFDAC ɗinka a kan kayan da ba kai ka yi ba. Wannan laifi ne, kuma rubutaccen ƙorafi zuwa NAFDAC tare da samfurin da ka saya shi ne daidai, musamman idan abin ci ne ko magani.

7. Zauna sulhu, amma a rubuta

A gari irin Zariya, da wuya abokin rigimarka ya zama baƙo. Ko tsohon yaron shagonka ne, ko dilan da ya daɗe yana karɓar kayanka, ko surukin wani naka. Shugabannin ƙungiyar kasuwa da dattawan unguwa za su shigo, kuma ban ga laifin hakan ba, domin sulhu ya fi shari'a sauri da araha. Inda ake kuskure shi ne a tashi daga zama da “Allah ya kiyaye gaba” kawai, bayan wata uku kaya su dawo kasuwa da ɗigo ɗaya da aka sauya.

Yarjejeniyar ta faɗi sabon sunan da sabon launin da zai koma, a liƙa samfurinsu a jikin takardar. Ta faɗi ranar ƙarshe ta sayar da tsohon kaya da adadin katan ɗin da suka rage, da abin da za a yi da ragowar leda da farantin bugawa da ke wurin maɗaba'a. Ta faɗi ko zai janye buƙatarsa a rajista, da abin da zai biya idan ya saɓa. Idan kun yarda kowa ya ci gaba da nasa, a fayyace kayan da kowa zai tsaya a kai. In kuma ka ga ya fi maka riba ka bar shi ya yi amfani da sunanka yana biyan ka, a rubuta lasisi a kai shi rajista. Duka ɓangarorin su sa hannu gaban shaidu, kuma idan an riga an shiga kotu, a miƙa wa alƙali ya mayar da ita hukunci.

8. Shigar da ƙara

Kotun majistare ko ta shari'ar Musulunci ba su da hurumi a nan. Sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'un alamar kasuwanci, kuma mutumin Zariya Kaduna zai nufa. Ka sa kuɗin zirga zirgar lauya da shaidu a lissafinka tun farko.

Ƙara iri biyu ce. Mai satifiket zai yi ƙarar keta alama, aikinsa ya fi sauƙi: ya nuna rajista, ya nuna kama, ya nuna kayan suna cikin abin da rajistar ta rufe. Wanda ba shi da satifiket zai yi ƙarar shigar burtu, wato cewa wani yana sayar da kayansa cikin rigar naka. Shi sai ya tabbatar da abu uku: cewa jama'a sun san kayansa da wannan suna ko wannan shiga, cewa abin da ɗayan ya yi yana sa a ɗauka nasa ne, da cewa hakan ya jawo masa asara ko zai jawo. Ta wannan hanya ce kamfanin Trebor ya yi nasara a 1972 kan masu alewar Minta Supermint saboda kamannin takardar naɗi. Mai satifiket ma yana iya haɗa ƙararrakin biyu, kuma ya kamata ya haɗa idan launi da zane aka kwaikwaya.

Gargaɗi: idan alamarka ba ta da rajista, ka tambayi lauyanka kai tsaye wace kotu zai je da dalilinsa. A shari'ar Ayman da Akuma ta 2003 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumin ƙarar shigar burtu kan alamar da ba ta da rajista, sannan a shari'ar Omnia da Dyktrade ta 2007 ta ce tana da shi. Lauyoyin waɗanda ake ƙara suna amfani da wannan saɓani wajen jan lokaci, kuma shekaru kan tafi a kan gardamar hurumi kafin a taɓa ainihin magana.

Tare da ƙarar, lauya zai nemi umarnin wucin gadi na dakatar da sayar da kayan har a gama shari'a. A aikace wannan umarni shi ne rabin nasara, kuma jinkiri ne ke kashe shi: wanda ya ga kaya a kasuwa ya yi shekara yana kallo, da wuya ya gamsar da alƙali cewa abin gaggawa ne. Akwai kuma umarnin da ake kira Anton Piller, wanda ake nema ba tare da sanin ɗaya ɓangaren ba, domin a shiga wurinsa a ga kaya da takardu a adana su kafin a ɓoye. Kotu ba ta bayar da shi sai da hujja mai ƙarfi.

Gargaɗi: kafin a ba ka irin waɗannan umarni za ka ɗauki alkawarin biyan asarar da ɗayan ya yi idan daga baya aka ga ba ka da gaskiya. Wanda ya sa aka tsayar da masana'antar mutum wata shida sannan ya faɗi shari'a, zai biya kuɗin wata shidan.

Idan ka yi nasara, abin da kotu ke iya bayarwa shi ne umarnin hani na dindindin, miƙa kayan da ledojin domin a lalata, da kuɗi. A kuɗin za ka zaɓi ɗaya: ko diyyar asarar da ka yi, ko ribar da shi ya ci da sunanka. Diyya tana buƙatar littafin ciniki da ke nuna yadda sayarwarka take kafin kayansa su fito da yadda ta koma bayan nan, kuma a nan ne masu ciniki ba tare da rubutawa ba suke fita hannu wofi. Wanda bai gamsu ba yana da Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan Kotun Ƙoli. Idan sunan kamfaninsa na CAC ne ya ci karo da alamarka, a haɗa da ƙorafi ga hukumar, domin sashe na 852 na dokar kamfanoni ta 2020 ya hana rajistar sunan da ya ci karo da alamar kasuwanci mai rajista.

9. Idan kai aka aiko wa takarda

Kada ka yage ta, kada kuma ka kira lambar da ke jiki kana ba da haƙuri, domin duk abin da ka faɗa zai iya zama hujja. Ka rubuta ranar da ta iso, ka kai wa lauya cikin wa'adin, ka dakatar da buga sabuwar leda har a ga inda aka dosa. Lauya zai nemi lambar rajistar mai ƙorafin ya duba ko satifiket ne da shi ko takardar amincewa, ko wa'adinsa bai ƙare ba, ko rukuninsa ya shafi kayanka.

Kariyarka mafi ƙarfi ita ce riga shi farawa. Sashe na 7 na Dokar Alamomin Kasuwanci ya hana mai rajista tsoma baki a harkar wanda ya fara amfani da alamar kafin shi ya fara amfani da tasa ko ya yi mata rajista, duk wanda ya riga faruwa a cikin biyun, muddin bai daina ba a tsakani. Sashe na 8 ya kare mai amfani da sunansa na gaskiya ko sunan wurin kasuwancinsa da zuciya ɗaya, haka ma mai siffanta kayansa da gaskiya. Idan kun daɗe kuna amfani da sunan tare ba wanda ya kwaikwayi wani, sashe na 13 ya ba da damar a yi wa duka biyun rajista bisa sharuɗɗa. Dukkan waɗannan tsofaffin rasit ɗin nan na mataki na uku suke buƙata.

In kuwa ka san a ranka ledarsa ka kai wa mai zane ka ce a yi maka irinta, shawarata ita ce ka nemi wa'adin sayar da abin da ya rage ka sauya suna tun kafin a kai ga kotu. Kuɗin sabon zane da sabon farantin bugawa bai kai na zama uku a Kaduna ba.

10. Bayan an gama

Ka karɓi kwafin hukuncin ko yarjejeniyar mai hatimi, ka raba wa dilolinka da maɗaba'un da ke buga leda, ka kuma sa a riƙa zagaya kasuwannin da aka fara ganin kayan na 'yan watanni. Idan aka saɓa umarnin kotu, lauyanka zai koma gaban alƙalin da ƙorafin raina kotu, wanda hukuncinsa kan kai ga ɗauri. Masu kai kaya Maraɗi ko Damagaram su sani cewa rajistar Najeriya a kan iyaka take tsayawa. Nijar da Chadi da Kamaru da Jamhuriyar Binin suna ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai yi wa alamomin kasuwanci rajista, wadda ke da hedikwata a Yawunde, kuma buƙata guda da aka shigar can tana rufe dukkan ƙasashen ƙungiyar, don haka a shigar da ita kafin motar farko ta tsallaka Jibiya.